Shekarar da Na Cire wa Doya Hula

Ni dai a iya ɗan karatun da na yi, ban ga abin da ɗan Adam ya ƙera ba, tun ranar da aka kore shi daga gonar farko, wanda ya kai rufin kwano daraja. Na koyar da tarihi, na sa 'ya'yan mutane sun haddace ƙofofin ganuwar Kano da yaƙe-yaƙen Kwararrafa, na kuma zane waɗanda suka manta, amma da za a tsare ni a ce in faɗi tsakani da Allah inda wayewa ta soma, cewa zan yi daga ranar da mutum ya kwanta ruwa na zuba bai tashi neman ƙwaryar tare ɗiga ba. Abin da ya tono mini wannan magana, makon jiya ne keke napep ya bi da ni ta bayan tsohuwar makarantarmu a nan Lafiya, sai na ga an rushe gidajen malamai an jera shaguna a wurin. Daidai inda ɗakin kwanana yake, yanzu caja da marfin waya ake sayarwa. Na ce wa mai keken ya ɗan tsaya. Ya leƙo ni ta madubi ya tambaya ko sauka zan yi, na ce a'a, kallo kawai. Ya ce, "Baba, kallo ma mai yake sha." Gaskiyarsa ce, muka wuce.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, daɓen siminti, da famfo ɗaya da muke rabawa da maƙwabta, mai kawo ruwa in ya ga dama, amma yana ganin dama fiye da na yanzu. Akwai mangwaro a ƙofa. Lafiya a lokacin gari ne da mutum zai iya saurara. Da asuba ladani ya kira, can ƙararrawar coci ta biyo, kowa ya san nasa; da hantsi jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, inda mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana akawu; da la'asar kuma taɓare su fara sauka a turame gida-gida, har kana iya gane wadda ke fushi da mijinta daga yadda take dakan sakwara. Yau in ka tsaya a wurin ba abin da za ka ji sai janareta da hon da lasifika, kowa na ihu don kada a ji maƙwabcinsa. A wancan garin aka haife ni, a cikinsa na girma, kuma in ban da lambun makaranta inda muke tura masu laifi su yi noma, hannuna bai san fartanya ba. Ina da keke, ina da rediyo, albashi na zuwa ƙarshen wata. Maiɗakina tana da keken ɗinki da masu kawo mata aiki. Muna da 'ya ɗaya, ta shiga shekara ta uku, ta fara magana ba ta kuma ga dalilin dainawa ba.

Matasan yanzu kan tambaye ni yadda kira ya zo mini, suna jiran in ce na ga haske ko na ji murya. Ban ga komai ba. Wani tsohon mai bishara ne ya zo cocinmu wata Lahadi, ƙafafunsa duk faso, aka ba shi minti biyar bayan sanarwa. Ya ce akwai wani ƙauye can gaba da Arikya, bayan inda hanyar mota ta ƙare, gida bakwai sun karɓi Almasihu, amma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da zai iya buɗe Littafi ya karanta musu. Sukan taru ranar Lahadi, su ajiye shi a kan kujera, su yi waƙa, su watse. Ya tambaya ko akwai mai zuwa. Duk muka sunkuya muna duban takalmanmu, kuma takalma ne masu kyau. Littafin nan da ke kan kujera shi ya hana ni sakat wata da watanni, kamar ƙaya a tafin ƙafa. A yau kira kan zo da allon talla a bakin titi, da hoton mai kiran da matarsa cikin kaya iri ɗaya. Namu da faso ya zo.

Mahaifiyata ta ce Allahn da ke ƙauyen ai shi ne ke Lafiya, in ko na daban ne to kada in je. Ta ƙara da cewa wanda ya bar inuwa da ƙafarsa ba ya kai ƙarar rana. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce ya ga malamai sun bar aiki don giya, ya ga sun bari don siyasa, yau ne ya fara ganin lafiyayye ya bari don bukka. Maiɗakina ce kaɗai ba ta yi gardama ba. Tana cikin ɗinki na gaya mata, ta tsayar da ƙafarta, ta ce, "Malam, ni ban ji kiran nan ba, kai ka ji. To ka saurara da kyau, don da kunnenka zan yi tafiya." Na ɗauki maganar a matsayin yabo. Ta bar keken a wurin yayarta, don babu mai ɗaukar shi a ka tafiyar wuni guda.

Mun isa damina na haɗa kayanta. Bukka aka ba mu mai sabon jinka, da gadon kara. Cocin rumfa ce ta zana, ƙararrawa kuma guntun ƙarfen titin jirgi ne da na roƙo a tasha, muka rataye a reshen ɗorawa. Jagoran masu bi shi ne maƙerin garin, kakkauran mutum marar yawan magana, wanda aka fara yi wa baftisma, kuma saboda haka 'yan'uwansa suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Lahadin farko da na buɗe Littafin na karanta, ya sa hannu ya rufe fuskarsa har na gama. Ina faɗin wannan don kada a ce babu abin kirki a tafiyar. Akwai. Ba su da abin biyana, ban kuma nema ba. Al'adarsu ita ce a yi wa baƙon da ya zo zama gona. Aka yi gayya, maza suka fito da garemani suka tayar mini da kunyoyi, sannan kowane gida ya kawo irin doya aka tara a gabana. Ni ɗan birni ban san abin da aka tara ba. Daga baya na gane mutumin can zai ba ka akuya, ya ba ka ɗaki, amma irin doyarsa gadon kakansa ne, ko yunwa za ta kashe shi ba ya dafa shi, domin wanda ya ci iri ya ci baɗi. Na tashi na yi jawabin godiya da karin magana uku a ciki.

A can ba a jiran ruwa kafin a shuka doya. Ana binne irin ne tun ƙasa na da sauran laimar damina, ya yi rani gaba ɗaya a cikin kunya, sai ruwan farko ya tashe shi. Kuma ba mai shuka sai wani tsoho ya buɗe. Gonarsa na jikin tawa, iyaka ɗaya. Mai bin addinin kakanni ne, kowa Baba yake ce masa har sa'o'insa. Na tsaya daga nesa na ga yadda ya yi. Ya durƙusa a kunyar farko, ya binne iri, ya tsiyaya burkutu, ya yi wasu maganganu da yarensu yana kiran sunayen matattu, sannan ya ɗebi busasshiyar ciyawa ya ɗora a saman kunyar, ya danne da dunƙulen ƙasa. Kafin mako ya zagayo duk gonakin garin, har da tawa da 'yan coci suka shuka mini, kowace kunya da tata ciyawar a ka. Hula suke ce mata. Na tambayi maƙeri ma'anarta. Ya ce haka suka tarar, in ba a sa ba doya ba ta fitowa. Na sake tambaya ko suna jin tsoron barin ta, ya ce ƙwarai. A kunnen mai satifiket wannan ya isa hujja: giya, sunayen matattu, ciyawa, tsoro. Na haɗa su jimla ɗaya na ja layi a ƙasa. Ban tambayi dalili ba. Wanda ya saba tambayar abin da ya riga ya san amsarsa, bai iya ɗaya tambayar ba.

Maiɗakina ta sha yin hutu tana ƙarama a wurin kakarta a Shabu. Da na faɗa mata abin da nake shirin yi, ta ce, a hankali, tana jin don rana ake sawa. Na ce ita tana ji, ni kuwa na karanta, kuma Shaiɗan bai taɓa zuwa babu dalili mai kyau a aljihunsa ba. Ta ci gaba da tankaɗe. Lahadin nan na yi wa'azin da har yau ban yi wanda ya kai shi daɗi ba. Na yi magana a kan dogara ga Allah shi kaɗai. Na ce ba a bauta wa Ubangiji ranar Lahadi a kuma ba matattu gadin gona ranar Litinin. Sai na kawo abin da na fi alfahari da shi, na ce ni na bar rufin kwano da famfo da albashi saboda Yesu, su kuwa ba za su iya barin tafi ɗaya na ciyawa ba? Kun ga inda abin yake. Na baro gidan a Lafiya, amma na taho da shi a baki, ina auna bangaskiyar talakawa da shi. Muna tashi muka nufi gonata da waƙa, mata na tafa hannu, muka bi kunya-kunya muna tuge hula muna watsarwa. Gida huɗu suka je suka yi haka a nasu gonakin, maƙeri a gaba, bai bar ko ɗaya ba. Gida uku suka noƙe, na rubuta su a zuciyata cikin masu ƙarancin bangaskiya.

Bayan kwana biyu Baba ya same ni a bakin iyaka. Hausarsa irin ta nan ce, mace da namiji duk ɗaya, kuma na tuna har a ranar ina gyara masa nahawu a cikin raina.

"Malam, ka tuɓe wa yaranka hula."

"Allah ne ke tsaron su, Baba."

Ya ɗaga ido ya dubi malafar da ke kaina, irin mai faɗin nan, wadda na saya a kasuwar Lafiya don rana.

"Kai fa? Ba ya tsaron ka?"

Na yi dariya irin ta mai ilimi in wanda bai je makaranta ba ya yi dabara. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ka ji. Giya nawa ne, magana nawa ne, in ba ka so ka bar mini kayana. Ciyawa ba nawa ba ne. Na doya ne."

Babu yadda za a faɗi gaskiya a fili fiye da haka. Na ce masa zan sa shi a addu'a. Ya ce ya gode, ya koma gonarsa.

Sai bazara ta zo, irin tamu, wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai. Nakan wuce ta gonar in ga kunyoyina tsirara a jere, tsaf, kamar aji mai ladabi, in ji daɗi. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Gonar Baba ta fara huda, 'yan tsiro jajaye suna leƙowa ta gefen ciyawa suna neman sandar da za su kama; cikin mako biyu gonakin garin suka yi kore. Namu shiru. Na ce jarrabawa ce, na sa azumin kwana uku. Rana ta huɗu maƙeri ya kira ni gonarsa, ya durƙusa ya tona kunya ɗaya da hannu. Wari ne ya fara fitowa. Irin ya dahu a cikin ƙasa ya ruɓe, da ya taɓa shi yatsa ya nutse. Ya tona ta biyu, ya tona ta goma. Ya goge hannunsa a ƙasa ya miƙe. In ban da 'yan ƙalilan da ke ƙarƙashin inuwar itace, babu abin da ya tsira a gonaki biyar, kuma a lokacin babu mai sauran iri, kowa ya binne nasa. A tawa kuwa akwai layi biyu can ƙarshe wajen rafi, inda ƙafata ba ta kaiwa, sun fito ƙwarai. Na fara cewa ga alama daga Ubangiji, sai maiɗakina ta ce ita ce, ta mayar musu da hula wata rana da ta je itace. Na so in yi fushi, na rasa ƙasar da zan tsaya in yi shi.

Wanda bai zauna a ƙauye ba yana zaton rani ne lokacin yunwa. Ba shi ba ne. Yunwa tsakiyar damina take zuwa, duniya kore shar, rumbu kuwa ya kai ƙasa, dawar bara ta ƙare ta bana ba ta ko fitar da kai ba. Sabuwar doya ce ke tsallakar da mutane wannan rami, mu kuwa babu abin tsallakawa. Muka koma kan tafasa da rama da rogo mai ɗaci wanda ake jiƙawa kwana uku, wani lokacin a kasa jira a ci a na biyu. Gidaje ukun da na raina su ne suka riƙa aiko da abin da suka iya, amma tukunya uku ba ta ciyar da gida takwas. Jikokina in an ɗauke wuta wuni ɗaya sai su ce ana shan wahala a ƙasar nan, ba na yi musu gardama, kowa da mudunsa. Abin da ba zan iya kwatanta musu ba shi ne sautin garin da yamma. Taɓarya na sauka a wannan gida, shiru a wancan, tana sauka a na gaba. Ko makaho ne ya ratsa garin, da kunne zai gaya maka gidajen da suka ji wa'azina. Duk da haka Lahadi na yi in buga ƙarfe, su zo su zauna, su dube ni, in karanta. Da sun zage ni da na sami sauƙi.

A kan wannan yunwa sai ƙyanda ta shigo. Ta bi gida-gida kamar yadda ta saba, 'ya'yan da ke da abinci a ciki suka kwanta suka tashi. Autan maƙeri bai tashi ba. Bayan kwana takwas tamu ta bi shi. Ɗakin shan magani tafiyar wuni ne, rafi kuma ya cika ya hana tsallakawa. Mun je bakinsa, uwar na goye da ita, muka tsaya muna kallon ruwa, muka dawo. Da hantsi ta cika, a bayan uwarta, kuma abin da na fi tunawa shi ne tun kwana biyu kafin nan ta daina magana. Maƙeri ne ya haƙa kabarin, kamar yadda ya haƙa na nasa, a bayan rumfar coci, kusa da juna. Ni na karanta a kan duka biyun, don babu wani mai karatu. Bayan shekaru wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini kada in ɗora wa kaina, ƙyanda kan ɗauki ɗan mai ƙoshi ma. Na gode mata. Amma na koyar da lissafi kafin tarihi, na kuma san gidajen da aka yi makoki a shekarar.

Labari ya kai Lafiya. Da rafi ya ja, yayana ya zo a kan keke da saƙon mahaifiyata da wasiƙar hedimasta: wanda ya gaje ni ya sami canjin wurin aiki, gidan a kulle yake, in dawo kawai. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so ɗakin nan a ranar ba. Har dalili mai kyau na samu, na ce zamana a garin fami ne ga mutane, tafiyata jinƙai ce. Na shiga na ce wa maiɗakina ta haɗa kaya. Tana zaune tana gyaran rama, ta rame har zani na neman zagaye ta sau biyu. Ba ta ɗago ba.

"Da za mu baro Lafiya ka ce Allah ne ya ce. Yanzu wa ya ce?"

Na ce ta dubi halin da muke ciki.

"Na duba. Ka kawo ni, ka binne mini 'ya a bayan rumfa, sannan in koma in zauna ina jin ruwa a kan kwano? Su kuma waɗanda suka bi ka, wace wasiƙa aka aiko musu?" Ta ajiye ramar. "Kada ka ɗauka na yafe maka ne, Malam. Ina dai roƙon Ubangiji ya ba ni iko, bai ba ni ba tukuna. Amma a nan zan jira shi."

Yayana ya koma shi kaɗai, yana cewa mun haukace mu biyu, da ɗaya ne da da sauƙi.

A nan ne na fara fahimtar abin da ake kira barin daɗi. Kwano da famfo ba su da wuyar bari, mutum ya bar su ma ya sami abin ba da labari. Akwai wata inuwa da na zauna a ƙarƙashinta tun ina ɗan makaranta ban taɓa fita ba, ita ce in zama mai gaskiya a cikin ɗaki, mai alli, mai jan biro. Ita Allah ya nema, kuma ba da son raina na bayar ba. Ranar Lahadi na buga ƙarfe, na tsaya ban buɗe Littafin ba. Na ce musu hular doya inuwa ce kawai, Baba ya gaya mini, matata ta gaya mini, na ƙi ji. Na ce Allah bai umarce su su cire ba, ni ne na ɗauki jahilcina na raɗa masa sunan Allah, kuma ga 'ya'ya biyu kwance a bayan zanar nan. Na ce an aiko in koma, in sun ce in tafi zan tafi. Babu karin magana ko ɗaya a jawabin. Magidanci ɗaya daga cikin waɗanda suka yi asara ya tashi ya fita da iyalinsa, wani ya bi shi, ba su sake dawowa ba, ban kuma ga laifinsu ba. Sauran suka dubi maƙeri.

"Malam, ni ban iya karatu ba," in ji shi. "In ka tafi, wa zai karanta a kan wanda zai bi su?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban taɓa jin an riƙe ma'aikaci da dalili mai ɗaci kamar wannan ba, ban kuma ji wanda ya fi shi ƙarfi ba.

Zama dai mun zauna, amma maganar maƙeri ba salon zance ba ce. Dawa ta nuna muka ɗan farfaɗo, sai ga lokacin shuka ya zagayo, gida biyar babu iri. Layi biyun maiɗakina ko an yanka su ƙanana ba za su cika kwando uku ba. Babu iri bana, babu doya baɗi, wata daminar kuma ƙyanda ko 'yar'uwarta za ta tarar da mu yadda ta bar mu. Duk da haka muka tayar da kunyoyi, maƙeri ne ya ce a tayar, ya ce laima ba ta jira. Ban san aikin da ya kai wannan nauyi ba, mutum ya yini yana gina ɗaki don abin da ba shi da shi. A kwanakin nan addu'ata ta gajarce ƙwarai. Da nakan tsara ta kamar insha'i, da gabatarwa da kammalawa. Sai ta koma: Ya Ubangiji, ka dai gani. Ba ni da tabbacin za a amsa, ba ni kuma da bakin cewa na cancanta. In an tambaye ni mece ce dogara ga Allah, ba wa'azin nan mai daɗi ke faɗo mini ba, kunyoyin nan ne da babu komai a cikinsu.

Wata safiya, ana jibi a buɗe shuka, na ga mata a jere sun nufo gidanmu da kwanduna a ka. Matan Baba ne da matan 'ya'yansa, shi yana biye da sanda. Suka sauke a tsakar gida. Iri ne zaɓaɓɓe, kuma sai da ya rage tasa gonar kafin ya fitar da shi. Ya sa aka kira masu gidajen huɗu, har biyun da suka bar coci, ya raba da kansa. Ya ce ba zai zuba mana giya ba tunda ba ma so, amma hula a gabansa za a sa. Ranar shukar ya tasa ni gaba zuwa gonata, rabin garin na biye, ya sa na durƙusa. Na ɗebi ciyawa na ɗora.

"Ba haka ba, Malam. Ya yi kaɗan. Sake."

Na sake. Ya ce dunƙulen ya yi nauyi, tsiro zai rasa hanya. Na sake. Sai a karo na huɗu ya ce to, ba laifi, ɗalibin yana ƙoƙari. Mutane suka yi dariya, har maƙeri, karo na farko tun damina. Ni ma na yi, ina durƙushe, idona na zuba a kan ƙasa.

Shekaru da yawa na yi a garin kafin ciwon gwiwa ya dawo da ni Lafiya. Maiɗakina ta gaya mini ranar da ta yafe, bayan haihuwarmu ta uku, tana wanke-wanke, kamar mai sanar da cewa gishiri ya ƙare. Yanzu ta riga ni gidan gaskiya. A cocin da nake zuwa akan miƙa makirufo ga masu shaida, wannan ya sami mota, wancan an ba shi biza, a tafa. An sha roƙona in ba da tawa, a matsayin dattijon da ya bar komai Allah ya saka masa. Nakan ce murya ta tafi. Ba don ban gaskata ba ne. Na gaskata har cikin raina Ubangiji ne ya aiko da kwandunan nan, shi ne kuma ya hana ni hawa bayan keken yayana. Sai dai shaidar tana da kaburbura biyu a tsakiyarta, ba a tafa wa irin wannan, ni ma ba na so a tafa. Wanda zai bar gida saboda Allah ya bari, ni ma da za a mayar da ni baya da na sake tafiya. Ya dai sani barin gida bai mai da shi annabi ba.

Da doyar nan da na durƙusa na sa wa hula ta yi, na zaɓi mafi girma na kai wa Baba. Na zauna na bayyana masa, da duk iyawata, cewa Allah ne ya yi aiki da hannunsa ya cece mu. Ya saurara har na gama yana jujjuya doyar. Ya ce shi bai san wannan ba.

"Matanka ne yana gaishe ni kullum, har ranan da kuka binne yarinya ya gaishe ni. Kuma in gonan maƙwabci ya zama daji, gafiya zai shigo nawa."

Shekara tara na yi ina yi masa wa'azi a bakin iyakar nan. Ya mutu bai taɓa taka ƙofar cocin ba.